Mai Wasa

A garinmu na bayan duwatsun Ural
hayaƙin masana'antar ƙarfe yakan riga rana tashi.
Babana Zahar ya kwarara bokiti arba'in a tsakar gida,
ya shiga ɗaki ya bar wa sanyi sauran aikin.
Da safe muka tarar da fili na ƙanƙara.

Takalmin yayana ne, ya fi ƙafata da yatsa uku,
Inna Raisa ta cusa masa tsohuwar jarida a baki.
Na faɗi, na miƙe, na sake faɗi,
ta leƙo ta taga da ludayin miyar kabeji:
"Yefim, in ka fasa kai, ba ni da zaren ɗinki!"
Na share majina, na ƙara.

Koci Matvei, mai usur ɗin tagulla da tari,
shekara takwas bai ce mini madalla ba.
"Faifan roba ba ya jiran mai tunani," abin da ya sani ke nan.
Ranar da na sa hannu a kwantiragin farko
ya miƙo mini lemo ɗaya daga aljihu, ya juya baya.
Rigata ta zo da lamba goma sha tara.

Mai tsaron baya ne ni.
Masu cin raga su ake bugawa a jarida,
mu kuwa likita ne ya san sunanmu.
Na bar haƙori ɗaya a Omsk, biyu a Perm,
wani kuma na haɗiye shi a Karaganda
don kada alƙalin wasa ya tsayar da mu muna kan gaba.
Kwana biyu a jirgin ƙasa, shayi a kofin gilashi,
Ilgiz yana minshari a gadon sama,
safa tana bushewa a kan bututu,
haka muka cinye shekara bayan shekara.

Sau uku aka sayar da ni.
Na farkon na ji shi a rediyon motar haya,
direban ya ce, "Gara da suka rabu da shi, ya yi nauyi,"
na biya shi kuɗinsa, har da ɗan ƙari.
An taɓa kira na daga Kanada, gwajin mako uku.
Na dawo da hula ɗaya da kalma biyar ta Turanci,
Inna ta rataye hular a ƙusa, ba wanda ya sake zancen.
Ranar da aka haifi 'yata Lida
ina zaune a kejin hukunci, minti biyu, saboda na maƙalo wani da sanda.
Ta gilashi aka nuna mini takarda: mace ce.
Na yi ta dariya, jama'a suna zagina suna ƙara.

Kaka goma sha huɗu, ƙwallo goma sha ɗaya.
Ka ƙirga da kanka, ban ɓoye ba.
Amma akwai daren da saura daƙiƙa shida,
golanmu ya faɗi, raga ta hangame baki,
na jefa gwiwata a gaban faifan.
Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Kofin bai zo hannunmu ba, wasan gaba aka fitar da mu.
Gwiwar ma ba ta dawo ba.

Yanzu ina da ɗaki a ƙarƙashin matakalar filin,
da dutsen washi, da kujera mai ƙafa uku.
Da can wasa nake yi, yau ma wasa nake yi:
ina wasa ƙarfen takalman yara,
tartsatsi yana sauka a kan wandona.
Jiya wani ɗan guntu ya kawo nasa, sun fi ƙafarsa,
na zaro jarida daga ciki, ta bara.
Ya ce, "Kawu, ka taɓa hawa ƙanƙara?"
Na gwada kaifin a farcena, na hura.
Na ce, "Kaɗan. Ɗaure igiyarka, an fara."