Hannu na Uku

Guguwar Nuwamba ta kayar da itatuwa goma sha ɗaya
a bayan gidanmu, can arewacin Maine,
kowanne ya kwanta inda ya ga dama.
Ɗaya ya danne shingen tumaki.

Taraktar da Baba ya bari ƙarama ce,
ruwan lemo, fentin ya koɗe a kafaɗa.
Bokitin gabanta ya san tsakuwa, ya san taki,
ya san dusar ƙanƙara tun ban iya ɗaura takalmi ba.
Amma gungume? In ɗiba ya mirgine,
in sake ɗiba ya mirgine,
sai ka ce mai kamun tarwaɗa da cokali.

Ludger Michaud ya tsallako titi da sandarsa,
ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Noella, hannu biyu gare ta,
na ɗagawa da na juyewa.
Na damƙa ne babu."

Muka yi odar bawul na uku.
Ya iso cikin kwali da takarda mai zane
wadda ko kusa ba ta yi kama da cikin taraktarmu ba.
Kwana uku a rumfa, murhun itace na tari,
ina rigingine a siminti, sanyi na cin gadon bayana,
shi yana bisa kujera yana nuni da sanda:
"Wannan tiyon daga famfo yake. A'a, wancan.
Bi shi da yatsa har gidansu."
Na matse wani noti da sifana har zarensa ya mutu,
na yi mil arba'in zuwa Caribou
saboda abin da bai kai ɗan yatsana ba.

Ranar gwaji sai ga ɗigon mai a ƙarƙashin liba.
Na miƙa hannu zan laluba,
sanda ta sauka a wuyan hannuna.
"Da kwali ake nema," in ji shi,
ya buɗe tafinsa na hagu:
yatsu uku da rabi.
"Hudar ba ta kai bakin allura ba."

Da yamma muƙamuƙin ƙarfe ya yi hamma, ya rufe,
ya sake yi, don na kasa daina danna maɓallin.

Daga nan kwaɗayi ya shigo.
Na ji ana cewa in an ƙara 'yar washa,
siririya kamar tsabar kuɗi,
a bawul ɗin da ke sauke matsi,
za ta ɗaga abin da ya fi ƙarfinta.
Na saka ban faɗa wa kowa ba.
Allurar geji ta haura, na ji daɗi.
Na damƙi gungumen kan shinge, na ja liba,
gaba ya yunƙura,
sai baya ya tashi.
Manyan tayoyi na lilo a iska,
ni a sama, raina a maƙogwaro,
tumaki sun daina tuƙa suna kallona.

Na sauke. A hankali. A hankali.

Ludger bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi har da tari.
"Ubanki ya riga ki," ya ce. "Zo."
A bayan rumfa, cikin busasshiyar ciyawa,
ga durom cike da siminti, da ƙugiyoyi uku na walda,
a samansa an rubuta da ƙusa, tun yana ɗanye,
shekarar da aka haife ni.
Kullum nan nake wucewa. Na ɗauka shara ce.

Na cire washar, tana aljihun rigar sanyina har yau.
Muka rataya durom ɗin a baya,
tarakta ta ɗan durƙusa, ta zauna da gindinta.
Gungumen sai da na yanka shi biyu.

Kafin duhu na kwashe huɗu.
Ludger ya koma gida, ya manta safar hannunsa a kan taya,
ta hagun, wadda aka ɗinke mata yatsa.
Saura bakwai, kuma rediyo ta ce gobe akwai ƙanƙara.