Kiwon Abin da Ido Ba Ya Gani

A Guwahira, can ƙarshen Kolombiya,
inda ƙasa ta tura hancinta cikin teku,
iska ba baƙuwa ba ce, ita ce mai gida.
Ita ke tashin mu da asuba,
ita ke zuba mini yashi a abin sha.

Evaristo Jusayu ya auna ta wata bakwai.
Kullum yana hawa hasumiya, igiya a ƙugu,
fensir a haƙora,
yana rubuta saurinta kamar mai bin bashi.
Ya ce, "Zulmira, iskar nan ba ta da ladabi.
Daga teku take zuwa da gishiri a baki,
notin da na ɗaure jiya, yau ya yi tsatsa."

Ni kuwa aikina yana ƙasa.
Tanki uku, tsakuwa a gindi, yashi a sama,
a fuskar yashin wata 'yar fata mai yauƙi
da ba ta kai kaurin farce ba.
Nan garkena yake.
Ba su da ƙaho, ba su da kofato,
sai da madubin likita nake ganin su,
suna cinye ƙazantar ruwan tafki,
suna haɗiye masu sa yara zawo.

Farfela ta juya, famfo ya ja,
ruwa ya sauka a kansu ɗis, ɗis.
Ya ciyar da ni da iska, na biya shi da ruwa.

Daren Laraba, mako na shida,
muka ji ƙas! kamar an karya ƙashin raƙumi.
Fiffike ɗaya ya tsage.
Famfo ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Idan yashin nan ya bushe, garkena ya mutu,
kwana arba'in na reno sun bi iska.

Na ɗauki bokiti. Evaristo ya ɗauki biyu.
Tsakanin tafki da tanki taku ɗari uku da goma,
na ƙirga, don kada in yi kuka.
Tsohuwa Eudosia ta fito da fitila,
ta tsaya tana kallon mu kamar mahaukata.
"Me kuke shayarwa da tsakar dare?"
Na ce, "Dabbobina."
Ta haska tankin, ta ga yashi kawai.
Ta ce, "Awakina ashirin, kowace na san kukanta.
Naki nawa ne?"
Na ce, "Ba su ƙirguwa."
Ta ce, "To, ke ce attajirar garin nan,"
ta ajiye fitila, ta ta da jikokinta,
suka jeru da jarka har gari ya waye.

Kwana huɗu Evaristo bai yi magana da kowa ba.
Ya kwantar da fiffiken a inuwa,
yana shafa tsagar kamar mai ɗori.
Ashe ba iskar ce ta yi laifi ba,
shi ne ya sa farfela ta tare ta gaba da gaba.
Ya ɗan karkata ta, kaurin yatsa biyu.
Mai ƙarfi, ashe, ba a tare masa hanya,
gefe ake ba shi, a ci moriyar wucewarsa.

Ni ina ɗiban ruwa a 'yan kwalabe,
ina shuka shi a faranti, ina jiran safiya.
Ɗigon cuta goma sha tara.
Sannan shida.
Sannan faranti fes, har na zaci na yi kuskure,
na sake. Fes.

Eudosia ce ta fara sha.
Ta juya shi a baki, ta daɗe.
Ta ce, "Ba ya ɗanɗanon jaki."
Ban sani ba ko yabo ne.
Ta miƙo ƙoƙon a ƙara mata.

Sama, farfela tana ta saƙa da zaren da ba a gani.
Evaristo ya riga ya hau, wani notin ya soma ja.