Hannun Riga

Ƙwayar farko da kunun tsamiya na haɗiye ta,
ina zaginta a zuci.
Mako uku ba ta ce komai ba
sai bushewar baki da hamma a kan keken ɗinki.
A na huɗu assalatun Fagge ta tashe ni,
ashe barci na yi.

Amma barci bai san ƙanena Muntari ba,
bai san ranar da muka kai shi makwanci ba.

Ran Talata, a Dawanau,
Malama Rumasa'u ta turo min kujera.
Ta ce, "Rigar da ka yanka masa, tana ina?"
Na ce ƙarƙashin tebur, wata goma sha ɗaya,
hannu ɗaya ba a haɗa ba.
Na yi kuka har aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya.

Na ce, to in bar ƙwayar, tunda bakina ya buɗe?
Ta ce, "Kai tela ne.
Ka taɓa ɗinki da zare ba allura?"

Jiya na haɗa hannun rigar.
Ban san wa zai sa ta ba.
Da daddare na sha ƙwayata,
na ninke abin da zan faɗa ran Talata.