Minti Takwas a Shika

Ni ce mai wanke bututun.
Tun gari bai gama wayewa a Shika ba
hannuwana sun jiƙe da sinadari.
Ina goge kansa mai fitila
yadda Inna ke goge idon jinjiri.

Bara Malam Hashimu ya zo daga Kwangila,
mai gyaran rediyo, yatsu duk ƙunar dalma.
Shekara biyu yana cewa basir ne,
yana kurɓar jiƙo a gora.
Muka miƙa masa takardar wankin ciki da Turanci.
Ya ninke, ya cusa aljihu, ya ce to.
Da dare ya ci tuwonsa da miyar kuka.
Da safe allo ya nuna mana laka.
Layi har bakin ƙofa,
muka shiga, muka fito a gurguje,
muka rubuta: ba a ga komai ba.

Ashe abin na bayan wata lanƙwasa,
bai fi ƙwayar gujiya ba.
Bayan wata tara aka dawo da shi a keke,
kansa bisa cinyar ɗansa.

Yanzu a benci nake zama da su, da Hausa:
gobe ba tuwo, ba zogale, ba wake,
a sha maganin nan har bayan gida ya fito kamar ruwan famfo.
Dattawa su sunkuyar da kai.
In ce, Baba, kunya ba ta taɓa cire tsiro ba.

Dakta Rakiya ta kafa agogo a bango.
Shiga ba wuya, in ji ta, a fitowa ake gani.
Minti takwas, lungu lungu.
In hannunta ya yi sauri, sai in yi gyaran murya.
In an ɗauke wuta mu jira janareto, mu koma farko.
Kowace kwalba da suna, da lambar waya biyu,
don sakamako ya daina kwana a durowa.

Jiya, a minti na shida,
ga shi nan, ja, a laɓe.
Ta zarga masa waya, ta tsinke.
Iya Gambo mai waina ta farka
tana tambaya ko yanzu za ta iya karyawa.

Na kai bututun famfo.
Rediyon ofishinmu na ta magana,
wanda ya gyara mana, ya ƙi karɓar ko sisi.