Daƙiƙa Takwas

A bayan ƙofar shagona, nan Gawon Nama,
akwai lambar da na rubuta da allin ɗinki:
arba'in da ɗaya, da daƙiƙa bakwai.
Damina biyu ta yi a wurin, ba ta goge ba.
Masu kawo ɗinki suna zaton bashi ne.
Bashi ne kuwa. Ni ke bi, ni ake bi.

Yau da muka sallame Asuba
na ɗaure igiyar takalmin gwanjo sau biyu,
dabino uku, kurɓin ruwan randa.
Ige ta ce daga cikin gidan sauro,
"Wai wa ke korarka?"
Na ce, "Ni ke korar wani tela
da na girme shi da shekara biyu."

A bakin filin Giginya mun kai ɗari biyu:
'yan makaranta, sojoji, wani likita mai tumbi,
da Hali ɗan Mabera, siriri kamar karan dawa,
wanda ba ya gumi sai an wuce rabi.
Usur ya tsaga safiya,
muka zube kan kwalta kamar an kwance bakin buhun gero.

Kilomita goma, shimfiɗe, babu tudu.
Na farko maƙaryaci ne,
ƙafa tana rantsuwa ba ta san gajiya ba.
Na ce mata sauri kan haifi nawa.
Ni na san zare:
in ka ja shi da ƙarfi tun farko
a tsakiyar wuyan riga zai tsinke maka.

Shataletalen Mai Ruwa,
mai shayi yana hura wuta,
wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya,
"Tela, ina gobarar?"
Ban da numfashin amsa.
Na liƙe wa bayan Hali,
ina kallon kalmasar wandonsa, ɗinkina ce,
tana hawa, tana sauka.

Rabin hanya: ashirin da rabi, cif.
Ba riba, ba faɗuwa.

A na bakwai rana ta fito,
ranar Sakkwato da ba ta sallama.
Allura ta shige ni ƙarƙashin haƙarƙari,
yawu ya koma ƙaro a baki.
A na takwas sai ga raƙumi da kayan kara
ya ratsa titi a tsanake,
bai san akwai agogo a duniya ba.
Na kewaye shi ta gefen kwata.
Uku sun tafi, na ƙirga su, ɗaya bayan ɗaya,
kamar canjin da ya faɗa rijiya.

Hali ya ɓace a kwana.
Saura ni da wancan telan.
Ina jin takunsa daidai kafaɗata,
numfashinsa irin nawa, tsoronsa irin nawa.
A nan ne ya saki wancan karon, na tuna,
daidai gindin dogon yaron nan.
Na taka kwalta kamar feda
daren jajibirin Sallah, riguna goma na jira.

Igiya, alli a ƙasa, wani mai takarda.
Na danna agogo, na durƙusa,
na ga ƙasa tana numfashi tare da ni.

Arba'in da hamsin da tara.

Na talatin da ɗaya na zo.
Fanka da buhun shinkafa sun bi masu su,
lasifika ba ta san sunana ba.
Daƙiƙa takwas,
ko zare ba koyaushe nake zurawa a cikinsu ba.

Da hantsi na buɗe shago, cinya na rawa.
Na lashi babban yatsa, na goge tsohon bashi,
na rubuta sabo ƙasa kaɗan.
Na bar fili a ƙarƙashinsa,
faɗin yatsa uku.