Tara Saura Kwata

Kwana arba'in da ɗaya ina bin layi guda
a fuskar kwamfuta, cikin labo, a Harobanda.
Layin na hawa da hawan rana,
sannu, kamar mai tulu a kai ta doshi tudu,
sai tara saura kwata ya yi tuntuɓe.
Kullum. Minti shida, wata rana bakwai,
sannan ya miƙe kamar ba shi ya faɗi ba.

Na canza waya. Na canza ma'auni.
Na tsallaka gada na shiga Katako,
na yi cinikin jan ƙarfe da wani tsoho
da ya ce, ƴata, da waya za ki yi tuwo?
Na dawo na sake ɗauri, na sake lissafi,
layin ya sake faɗuwa a ramin jiya.

Ban gaya wa Dakta Nomau ba.
Na ɓoye abin kamar cikin fari,
da dare ina juyi ina raɗa masa suna.
Wataƙila tururin kogi ne ke tasowa da hantsi.
Wataƙila silikon na da wani hali
da zafin Yamai kaɗai ke tonawa,
kuma ni ce zan fara rubuta shi.
Har na zaɓi zanen da zan ɗaura ran kare kundi.

Baba ya kira daga Tawa,
walda na tsartuwa a bayan muryarsa:
Barira, digiri na biyun nan ba ya ƙarewa?
Me kike aunawa da har yau bai cika mudu ba?
Na ce, rana, Baba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
Rana? Zo ƙofar shagona ki ɗiba, kyauta ce.

Ran Talata aka ɗauke wuta tun da safe.
Fanka ta tsaya, labo ya zama tanda,
na hau tsani zuwa rufi neman iska.
Faranti huɗu sun buɗe fuska ga sama,
ƙaramin na gwaji a gefe, bai fi tafin hannu ba.
Na duba agogo don sabo.

Sai ga shi daga tsagar bulo,
jan gwada, kai kamar an tsoma a manja.
Bai yi sauri ba. Gidansa ne.
Ya hau, ya baje ciki
a kan wata tara na karatuna,
ya gyaɗa kai sau uku
kamar mai jarrabawa da amsa ta gamsar.

Na cire takalmi na ɗaga.
Ƙadangaren bakin tulu,
tulun kuwa kuɗin bursuna na wata biyu.
Na mai da takalmin ƙafata.
Na zauna a siminti mai ɗumi, na ƙirga masa:
minti shida da daƙiƙa ashirin.
Ko ba komai, ma'aunina bai yi ƙarya ba.

Dakta Nomau ya cire tabarau ya share hawaye.
Ya ce, ni kashin tantabara ya ci mini damina guda.
Rubuta shi. Shafi nawa kike?
Hamsin da uku.
To, nan ne wurinsa.

Da na faɗa wa Baba bai yi dariya ba.
Ya ce, tsawon rufin nawa? Iska daga ina take bugowa?
Ran Asabar motar dare ta kawo saƙo
naɗe cikin buhun siminti:
ƙafa ta bututu, kamu huɗu, sumul,
ɗinkin walda siriri kamar na bakin hula,
ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya hau.

Yanzu layin na hawa ba tuntuɓe.
Na ajiye guntun baƙin kwano a gindin bututun,
hakkin maƙwabtaka.
Tara saura kwata, in ba kowa a labo,
nakan ɗaga kai in dubi silin.