Jan Farce a Lamba Tara

Nafi'u ya zo hutu da sabuwar talabijin,
siririya kamar faifai.
Ya kafa ta a bango, ya ja da baya yana murmushi,
ya leƙa bayanta, ya leƙa bayan amfilifayata,
sai murmushin ya tsinke.

"Baba, ba sa jin yaren juna."

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara,
riƙe da wayoyina, ja da fari da rawaya,
kamar wanda ya kai goro gidan da aka tashi.
Babu ramin ja, babu ramin fari.
Wasu 'yan bakuna ne a jere, a tsuke,
da wani mai murfi, wai haske ke bi ta cikinsa.

Shekarar da aka biya mu ariyas na saye ta.
A bayan Besfa na goyo ta zuwa Jekadafari,
ina kauce wa ramuka kamar mai dakon ƙwai.
Sifika biyar, ta shida mai gurnani a ƙarƙashin tebur.
Daren farko, da jirgi ya tashi a cikin fim,
Malam Kwairanga ya fito tsakar gidansa
yana duba sama.

Wuta ta taɓa zuwa da hauka,
ta kashe firji, ta kashe fanka biyu.
Ita fis ɗaya ta ba su, ta ci gaba da aikinta.

Na kai ƙara wurin Bappayo mai gyara, bakin babbar kasuwa.
Bai ɗaga kai daga dalmar da yake narkarwa ba.
Ya ce hanya biyu ce.
Ga sabuwa can a kwali, tana jin kowane yare,
ko daga wayar hannu ka jefa mata karatu za ta cafe.
Na tambayi kuɗin.
Fanshona ne na wata huɗu, in an biya.
Ko kuma ga wannan: ɗan akwati kamar na ashana,
tafinta ne, ya ji daga can ya faɗa wa nan.
"Amma tsakani da Allah, Malam,
sifika biyu ne za su yi magana.
Sauran sai dai su zauna zaman ta'aziyya."

Nafi'u ya ce shi zai biya rabi.
Na san zamani riga ne.
Na san kuma da tsohuwar zuma ake magani.
Abin da ban so da karin magana ke nan,
kowacce da 'yar'uwarta mai ƙaryata ta.

Kwana uku ina juya abin.
Ran na huɗu ina goge mata jiki da tsumma
yatsana ya tsaya kan maƙarin murya.
Ɗigon nan yana nan, ya yi duhu kamar zoɓo:
jan farcen da Dudu ta ɗiga a lamba tara
lokacin Nafi'u yana goye.
"Ka wuce nan, ka tayar min da yaro, kai da shi."
Shekara ashirin da wani abu ban wuce ba.

Sabuwar ba ta da maƙari mai lamba.
Ina za a ɗiga mata?

Na sayo tafintan.
Biyu suka yi magana, kamar yadda aka ce,
ba kamar da ba, jirgi ba ya bi ta kanmu.
Nafi'u ya girgiza kai ya fita amsa waya.

Bayan isha'i aka fara labarai.
Dudu ta jawo kujera, ta karkato kunnen dama,
wanda ya rage mata.
"Ƙara."
Na kai tara.
"Ƙara mana, me kake jira?"
Na dube ta, na dubi ɗigon.
Sha ɗaya. Sha biyu.

In sabuwar ce, gobe ma rana ce.